Tsuntsayen ci-rani da filayen kamfanoni a Legas

Duk wanda ya kwana biyu a Legas ya san fili a garin nan ba ya zama haka nan. Yau ka wuce ka ga fadama ce ruwa kwance ciyawa ta rufe ko'ina, bayan wata uku ka dawo ka tarar tifofi sun yi layi suna juye yashi katafila na baje shi, kafin shekara ta zagayo an ja katanga an kafa allo. Daga Ajah zuwa Ibeju-Lekki har Epe haka abin yake, haka ma ta wajen Amuwo-Odofin da hanyar Badagry da Ikorodu. Mu mazauna Agege da Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba ba sai an ba mu labari ba, dan da yawa cikin direbobin tifofin nan da masu gadin filayen 'yan uwanmu ne. Abin da ba a cika tankawa ba shi ne akwai wasu masu haƙƙi a fadamun nan da ba su da bakin da za su je Alausa, hedkwatar gwamnatin jihar, su kai kuka, wato tsuntsayen da ke tasowa duk shekara daga Turai da Rasha da wasu sassan Afirka su sauka a nan su yi rani. Kuma in ka lura da kyau, ragowar wuraren da za su iya sauka, da yawansu yanzu suna bayan katangar wani kamfani ne, shi ya sa nake ganin maganar kare su a Legas ta fi ƙarfin a bar wa gwamnati ita kaɗai.

Bahaushe dai ba baƙo ba ne ga ƙaurar tsuntsu. In shamuwa ta sauka kan kuka ko rimi a tsakiyar gari manomi ya san damina ta ƙarato a fara sharar gona, kuma ba a taɓa ta, yaro aka gani ya ɗaga mata danko sai ya sha faɗa. Ruwa na ɗaukewa ta tashi ta nufi gabashi da kudancin Afirka sai wata shekara. A nan Legas kuma shirwa ce ke nuna mana lokaci, tambayi duk mahaucin da ke mayankar Oko-Oba zai gaya maka da rani sama cike take da su suna shawagi suna jiran a jefar da ɗan tsoka ko hanji, amma da ruwa ya kankama sai ka neme su ka rasa, sun yi arewa. To waɗannan tafiyar cikin gida suke yi. Akwai masu tafiyar da ta fi wannan nesa ba kusa ba.

Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke shiga da hunturu ba, har akwai masu cewa wai tsattsewa cikin laka take nutsewa ta yi barci sai bazara. A 1822 aka harbo wata farar shamuwar Turai a arewacin Jamus, aka tarar da mashin mutanen Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi tafiyar har ta isa gida, yanzu haka tana ajiye a jami'ar Rostock. Daga baya aka fara saka musu zobe mai lamba a ƙafa, yanzu kuma har 'yar na'urar bin sawu ake ɗaura musu a baya. Ƙiyasin masana shi ne ƙananan tsuntsaye kusan biliyan 2 ne ke tsallakowa daga Turai zuwa kudu da Sahara duk kaka, ban da agwagi da tsuntsayen bakin ruwa. Suna fara iso mana wajen Satumba da Oktoba, su koma Maris zuwa Afrilu.

Yadda suke yin tafiyar shi ne gundarin maganar, in ba a gane shi ba sauran duk ba za su shiga ba. Tsattsewa nauyinta bai wuce giram 20 ba, amma sai ta tsallake Bahar Rum ta tsallake Sahara, tafiyar sama da kilomita 4,000. Ba guzuri take ɗauka ba, kitsen jikinta ne man tafiyarta. Wasu ƙananan tsuntsayen kafin su shiga hamada sai sun ci sun ci har nauyinsu ya kusa ninkawa, sannan su tashi, yawanci da dare, su sauka can gaba a rame ƙashin ƙirji a waje. Kenan tafiyar ba a tashi ɗaya ake yinta ba, mataki-mataki ce. Irin ta fataken da ce masu zuwa Gwanja sayo goro daga Kano, madugu ya san zangon da za a kwana da rijiyar da za a shayar da jakai, in rijiyar zango ɗaya tak ta ƙafe a tsakiya to ayari ya shiga uku, ko da Kano lafiya lau Gwanja ma lafiya lau. Kuma da yawan tsuntsayen nan, musamman na bakin ruwa, wuri ɗaya suke komawa shekara da shekaru, bakin gaɓar da ya sauka bara nan zai nema bana. In ya zo ya tarar da siminti ba shi da wanda zai tambaya ina aka koma, ga shi kitse ya ƙare.

An taɓa ganin wannan ƙarara. A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani a ko'ina ya ragu da fiye da rabi a shekara guda, alhali babu abin da ya canza a ƙasarsu. Da aka bi sawu sai aka gano farin da aka fara a yankin Sahel ne, wato wajenmu, ya kashe su. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Fabrairun 2024 kan dabbobi masu ƙaura ya ce kashi 44 cikin ɗari na nau'ukan da ke cikin jerin yarjejeniyar kare su raguwa suke yi, kuma manyan dalilai biyu su ne rasa muhalli da kamu fiye da kima.

Legas tana kan babbar hanyar da ta bi gabar Atlantika tun daga can ƙurewar arewa har Afirka ta Kudu. Masu sauka a nan akwai tsuntsayen laka masu dogayen ƙafafu, wani bakinsa dogo ya lanƙwasa ƙasa yana zura shi ramin ƙaguwa, wani ɗan ƙarami yana tafiya yana kaɗa gindi a bakin kwata, akwai fararen nan masu tsinin fiffike da ke faɗawa ruwa su cafko kifi, cikinsu har da wata 'yar ƙarama da ke ƙyanƙyasa a gabar Namibiya ta hauro nan, ga shaho mai kamun kifi, ga tsattsewa. Abin da na laka suke so shi ne daidai abin da ɗan kasuwa ya fi rainawa, wato taɓon nan baƙi mai wari da ke bayyana in ruwan lagun ya janye, dan cike yake da tsutsa da ƙananan ƙaguwa da dodon koɗi. In ruwa ya dawo ya rufe lakar kuma suna buƙatar wani wuri busasshe kusa, inda za su tsaya awanni suna hutawa ba mai korarsu. Wannan na biyun mutane ba su san muhimmancinsa ba wallahi. Duk tashin da kare ko babur ko yaro mai jifa ya sa suka yi, kitsen komawa gida ne ake ƙonawa a banza.

Toh a nan filin kamfani ya shigo. Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa a Najeriya, wani babban ɓangarenta ma ruwa ne, ga mutane kullum ƙaruwa, duk inda babu katanga an riga an shiga. Amma kamfani kan sayi fili mai girma ya gina kwata ko rabi, ya bar sauran sai nan gaba, ko dai kawai yana jiran farashi ya hau. Ya ja katanga ya sa masu gadi, ba mafarauci ba mai saran itace ba mai zubar da shara. Ba dan tsuntsu aka yi ba, amma tsuntsu ya amfana.

Akwai wani dattijo mutumin wajen Hadeja da ke gadi a wani wajen ajiye kwantenoni ta hanyar Epe, nakan biya mu gaisa. Bayan sito ɗin akwai wani kududdufi da ruwan sama ke taruwa, gefensa ciyawa da laka, ƙafar mutum ba ta cika zuwa ba sai shi in zai yi alwala da ruwan tankin da ke wajen. Wata rana da sanyin safiya ya ja ni ya nuna min, zalɓe ɗaya tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi, balbelu a gefe, sai wasu ƙanana masu ruwan ƙasa wajen goma suna ta caccakar laka da sauri-sauri. Ya ce min, "Ka ga waɗancan ƙananan, ɗana? Ba 'yan nan ba ne. Irinsu ne ke sauka mana a fadama a gida in an gama girbin gero. Da zafi ya fara za ka neme su ka rasa." Na ce, "Baba, manaja ya san da su?" Ya yi dariya ya ce, "Manaja da ko motarsa ba ya fitowa sai a bakin ofis." Bai san sunansu a littafi ba amma ya san watan zuwansu da na tafiyarsu da gefen da suke kwana. Daga baya aka ce kududdufin na tara sauro kuma ana son wajen fakin tireloli, aka kawo yashi aka cike. Babu wanda ya yi da mugunta, kawai dai ba a taɓa rubuta wa kowa cewa akwai wani abu a wajen ba, kuma wanda ya sani ba a tambaye shi ba.

Matsalar kariyar da ta zo bisa katari kenan, ranar da aka buƙaci wajen ta ƙare. Kuma in ka duba yadda dokar fili take a ƙasar nan za ka ga komai tura mai fili yake yi ya cike ya gina. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kai abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, yawanci na shekara 99, shi ne C of O ɗin da ake ta wahala a kai. Filin da gwamnati ta bayar sau da yawa yana zuwa da sharaɗin a raya shi cikin wa'adi, kuma raya fili a fahimtar ofis gini ne, ba wanda zai kalli fadama da tsuntsaye ya ce an raya. Ga harajin fili da jihar ke karɓa. Ga omo-onile, wato masu iƙirarin filin gadon kakanninsu ne, da 'yan mamaye, waɗanda da sun ga daji ba gini sai su fara yanka shi fuloti-fuloti suna sayarwa, har sai da jihar ta yi doka a kansu a 2016. Saboda haka manajan da ya bar fadama a filinsa, a idon masu hannun jari asara yake jawowa, a idon lauyan kamfani kuma kasada yake yi. Duk mai son a kare tsuntsu a filin kamfani in bai fara daga wannan lissafin ba to wa'azi kawai yake yi.

Akwai dokar 1992 da ta wajabta a tantance illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara, abin da ake kira EIA, kuma Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi da ta AEWA ta tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya. A takarda ba laifi. Amma ga wani ɓoyayyen rami da ya shafi tsuntsun ci-rani shi kaɗai, in masu binciken suka je filin a Yuni ko Yuli, tsakiyar damina, suka yi kwana biyu suka rubuta abin da suka gani, to yawancin baƙin suna can Turai da Rasha kan ƙwai. Rahoto zai fito tsaf ya ce babu wani tsuntsu na musamman a wajen, kuma ba ƙarya aka yi ba, lokacin ne aka kuskure ko aka zaɓa. A ganina duk binciken da za a yi a fadama ko bakin ruwa a Legas in bai haɗa da watannin Nuwamba zuwa Fabrairu ba bai kamata a karɓe shi ba.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Lekki Conservation Centre, kuma ya cancanta. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, wadda marigayi Cif S.L. Edu ya jagoranci kafawa a 1980, ita ta buɗe shi a 1990 da kuɗin Chevron, hekta 78 na daji da fadama. Lokacin da aka keɓe shi Lekki kusan duk daji ne, ƙila ma wasu sun ga ɓarnar kuɗi ce a killace daji a tsakiyar daji. Yau duba shi a taswirar waya, wani ɗan kore ne guda gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Da yawanmu mun kai yara da sallah sun ga birai sun hau gadar nan ta sama mai tsawon mita 401. Abin da ya sa ya rayu ba kirkin wani manaja ba ne, manajoji nawa aka yi aka wuce tun 1990, abin da ya tsare shi shi ne an ware shi da suna da iyaka an damƙa wa wata ƙungiya da aikinta kenan. Haka kamfanin gas na NLNG ya yi a tsibirin Bonny da gandun Finima mai kusan hekta 1,000, haka cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ta bar wani babban yanki na harabarta daji ga tafki a gefe, har ya zama wurin da masu kallon tsuntsaye ke tururuwa.

Sai dai kar mu ruɗi kanmu da hekta 78. Filin matatar Dangote kaɗai a Ibeju-Lekki ya haura hekta 2,000, kuma fadama ce aka cike da yashin da aka yaso daga teku, ga tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, ga Eko Atlantic, sabon birnin da aka cike teku ake ginawa, ga titin gabar teku na Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024. Ba ina cewa kar a yi ba ne, ƙasa na buƙatar mai da tasha da hanya, kuma dubban 'yan uwanmu a nan suke samun na tuwo. Abin da nake cewa shi ne in ana maganar fili mai wannan girman, ware kashi biyar ko goma cikin ɗari na ɓangaren da ya fi ruwa, tun a zanen farko kafin tifa ta shiga, ba zai hana aiki ba, kuma shi ne ɓangaren da ya fi cin kuɗi wajen cikewa dama. Sannan dajin Lekki daji ne, ya yi wa biri da kada da tsuntsayen kurmi, amma tsuntsun laka ba zai ci ganye ba. Kowanne da irin wurinsa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci min rai, wato dashen itace na ɗaukar hoto. Kamfani zai cike fadama hekta hamsin, ranar muhalli ta duniya 5 ga Yuni a fito da riguna iri ɗaya da shebur sabo fil a dasa itatuwan ado a bakin geti, a shimfiɗa ciyawar kafet ana yi mata aski duk sati ana fesa mata magani, a saka a rahoton shekara cewa an kyautata muhalli. Dashen itace alheri ne, ban musa ba, a Arewa ma muna neman sa ido rufe. Amma itacen ado ba ya maye gurbin laka, ciyawar da aka feshe babu ƙwaro a cikinta, in babu ƙwaro tsattsewa me za ta ci. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita tana da jeri, da farko ka kauce wa wurin in zai yiwu, in ba zai yiwu ba ka rage ɓarnar, sannan ka gyara abin da ka ɓata, biyan diyya a wani wuri shi ne na ƙarshe. Mu kuma sai mu fara daga na ƙarshen dan shi ya fi fitowa a hoto.

Abin mamaki yawancin abin da ake buƙata ba kashe kuɗi ba ne, rage kashewa ne. Kusan duk babbar masana'anta tana haƙa tafkin tara ruwan sama, to maimakon a yi masa bango a tsaye da kankare, a kwantar da gefe ɗaya ya gangara a hankali yadda in ruwa ya ja baya laka za ta fito. A bar wani yanki ba a yanke ciyawarsa sai sau ɗaya a shekara. A daina feshi kusa da ruwa. Ramin da ake zuba baƙin mai ko ruwan kemikal a rufe shi da raga, dan daga sama tsuntsu ruwa yake gani, in ya sauka fiffike ya jiƙe da mai shi kenan. In za a yi aikin cikewa ko sharar fili dole, a duba kalanda a kauce wa Fabrairu da Maris lokacin da suke tara kitsen komawa. Sai fitila, tunda yawancinsu da dare suke tafiya hasken da aka haska sama yana rikita su su yi ta kewaya har su gaji, a sunkuyar da fitilun tsaro su kalli ƙasa inda ɓarawo yake, a kashe na benayen da ba kowa, dizal ma ya huta. Gilashi kuma kisa yake yi ba kaɗan ba, tsuntsu na ganin hoton sama a jiki ya taho da gudu. A Chicago ta Amurka a Oktoban 2023 tsuntsaye kusan 1,000 suka mutu a dare ɗaya a jikin wani babban zauren taro mai bangon gilashi, da aka manna wa gilashin ɗige-ɗige kusa da kusa sai mutuwar ta ragu ƙwarai. Ka kalli sabbin benayen Victoria Island da Ikoyi da ke bakin ruwa, gilashi ne tun daga ƙasa har sama.

Akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu na da ƙarfi. Kusa da filin jirgin Ikeja ba wurin tara tsuntsaye ba ne, tsuntsu ya shiga injin jirgi rayuka ne, ƙa'idar sufurin sama ma ta ce a sa ido kan duk abin da ke jawo su a kewayen kilomita 13, wannan ba gardama. Masu kiwon kaji suna tsoron murar tsuntsaye, kuma tunda a jihar Kaduna aka fara tabbatar da mugun nau'inta na H5N1 a Afirka a 2006 tsoron ba na banza ba ne, maganinsa shi ne kar a haɗa gonar kaji da tafkin tsuntsayen daji wuri ɗaya, kuma a tuna safarar kajin kanta tana yaɗa cutar. Sauro kuwa ya fi samun sakewa a kwatar da ta toshe da tsofaffin tayoyi da robobi fiye da tafkin da ke da kifi da mazari. Manomin Kebbi ko Jigawa da jan-baki ya taɓa cinye masa shinkafa in ya ji ana cewa a kare tsuntsu ransa zai ɓaci, ina fahimtarsa, amma jan-baki daban, waɗannan tsutsa da ƙwari da kifi suke ci.

Ga wanda tsuntsu bai dame shi ba sam, to ruwa zai dame shi. Fadama ita ke shanye ruwan sama ta sake shi a hankali, in ka cike ta ruwan bai fasa zuwa ba, gidan maƙwabci zai nufa. Wanda ya ga yadda Legas ta tsaya cak ranar 3 ga Yulin 2024, motoci a nutse mutane na tafiya ruwa har ƙugu, ya san me nake nufi, kuma wanda ke kwana a shago ko a ƙasan bene ko a ɗakin gadi shi ruwan ke fara samu. Kamfanin da ya bar fadamarsa sitonsa yake karewa. Sannan masu ba da manyan basussuka na waje irin su IFC, reshen Bankin Duniya, suna da sharaɗi kan wuraren da dabbobi masu ƙaura ke taruwa, kamfanin da ke neman dala a wajensu dole ya amsa tambaya a kai. Mu kuma da muka yi imani da cewa tsuntsaye al'ummomi ne irinmu, kamar yadda ya zo a suratul An'am, kuma muka san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe hurumi a kusa da Madina, bai kamata sai bature ya zo ya koya mana cewa ana ware wa dabba wuri ba. Attajiranmu masu filaye a Legas da masu manyan gonakin shinkafa da rake a Neja da Nasarawa da Adamawa da Jigawa duk maganar ta hau kansu.

Na ambaci Jigawa da gangan, dan zangon Legas da na gida a sarƙe suke. Dausayin Hadeja da Nguru yana cikin manyan masaukan tsuntsayen ruwa a yankin Sahel, tafkin Nguru ne ma wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin Ramsar, ga Dagona a Yobe. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke ciyar da fadamun ta ragu, ga kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyaya suna kuka tsuntsaye ma haka. In can ya matse nan ma aka cike, ina za su dosa?

Abin da nake ganin zai yi aiki a Legas shi ne gwamnati ta amince a rubuce cewa barin fadama a yadda take shi ma raya fili ne, ta yadda ba za a ƙwace ba, ta kuma sassauta harajin wannan yankin ga duk kamfanin da ya yi rajistarsa. A Amurka suna da irin wannan, mai fili ya sa hannu cewa wani yanki ba za a taɓa gina shi ba ko da an sayar, a rage masa haraji. Shi kuma kamfani ya sa iyakar a taswirar filin ya damƙa kulawar ga amintattu na waje, mu a wajenmu ma tsarin waƙafi ba baƙo ba ne. In ba haka ba sabon manaja zai zo da sabon lissafi.

Sai ƙirga. Duk watan Janairu ana ƙirgar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda, tun 1967 ake yi, kuma a nan gida cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa kai ke shigar da abin da suka gani ta waya, har da matasan Arewa a ciki, a Legas ma akwai masu fita kallon tsuntsaye ƙarƙashin NCF. Amma duk ƙoƙarinsu a bakin geti yake tsayawa, filin kamfani ba a shiga sai da takarda, kenan wuraren da ƙila suka fi tara tsuntsaye su ne ba a da labarinsu. Kamfani ya buɗe musu ƙofa sau biyu a shekara, Janairu da kuma wajen Oktoba, ba zai rage shi da komai ba. Kuma in sun shigo a haɗa su da masu gadi da masu yankan ciyawa, a yi bayanin da Hausa da Yarbanci da Pidgin ba da turancin ofis ba, a ba maigadi ɗan littafi mai hotuna ya riƙa sa alama, a ƙara masa wani abu a albashi kan wannan aikin, dan mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata in ya ɗana wa agwagwar ruwa tarko ba ka da bakin yi masa faɗa. Su ne ke wajen da asuba lokacin da tsuntsayen ke sauka, su ne kuma za su fara ganin tifa in ta doso wajen da aka ce kar a taɓa.